Rumfar caji a Utai da jami'ar Wudil: Wa ya kamata ya koya daga wa?

A garinmu Utai, cikin Ƙaramar Hukumar Wudil, akwai wata rumfar caji da nakan zauna duk lokacin da na je gida. Mai rumfar matashi ne da karatunsa bai wuce sakandare ba. Jarinsa farantan sola biyu ne, da batir, da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ɗaure murfinta da salatif, sai wani allon katako cike da soket wanda shi da kansa ya haɗa. Wata rana da la'asar ina zaune sai ga wata yarinya da memori ƙulle a leda. Ta ce, "Yaya, Inna ta ce a zuba mata tafsirin Malam da ci gaban littafin nan, kuma a cire waƙoƙin da aka sa mata rannan." Bai tambaye ta wane malami ba, bai tambaye ta wane littafi ba. Ya san inda Inna ta tsaya.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ya yi aikin. Ya goge sunayen Turanci da ke jikin kowane karatu, ya sa musu lamba 1, 2, 3, domin Inna ba ta karanta boko amma ta san lamba, kuma ƙaramar wayarta mai madannai a jere take kunna su. Bidiyon da ya yi wa wayar nauyi ya matse shi har ya dace da ita. Ya ware karatu gefe guda, littafi gefe guda, don kada ana cikin tafsiri labarin soyayya ya faɗo a gaban surukai. Duka bai ɗauke shi minti goma ba.

A kamfanonin ƙera waya da manhaja akwai ma'aikata masu digiri da ake biya maƙudan kuɗi don su yi irin wannan tunanin: wa zai riƙe na'urar, me ya iya, me yake jin kunya, a gaban wa zai kunna ta. Yaron nan yana yin aikin kullum a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Daga rumfarsa zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil ba wata tafiya ba ce. Ra'ayina shi ne, muddin masu bincike da masu koyon ƙira a jami'o'inmu ba su ɗauki irin wannan rumfa a matsayin wurin ɗaukar darasi ba, za mu ci gaba da sayen na'urorin da aka ƙera don rayuwar wasu, mu kuma muna ta yi musu kwaskwarima a ɓoye ba tare da ladan ko sisi ba.

'Yan kaza da 'yan kaza

Akwai fannin bincike da ya daɗe yana nazarin ƙananan rukunonin jama'a masu al'adarsu ta daban a cikin babbar al'umma. Ya yi ƙarfi a Jami'ar Birmingham ta Ingila a shekarun 1970, inda manazarta suka riƙa bibiyar samarin unguwannin talakawa, suna duba suturarsu da kiɗansu da baburansu. Ɗaya daga cikinsu, Dick Hebdige, ya fitar da littafi a 1979 yana nuna yadda samarin kan ɗauki abin da aka ƙera don wani amfani, kamar fil ko reza ko sarƙar ƙarfe, su juya shi ya zama alamar su waye su. Daga baya masu nazarin fasaha suka ɗauki wannan tunani suka tambaya: idan rukuni yana juya tufafi, ba zai juya na'ura ba?

Mu Hausawa ba mu buƙatar doguwar fassara kafin mu gane wannan, domin harshenmu ya riga ya tanadi kalmar. Muna cewa 'yan dambe, 'yan tauri, 'yan koli, 'yan kama, 'yan fim, 'yan acaba, 'yan adaidaita, 'yan dawunlodin, 'yan TikTok. Kowane rukuni da sararsa, da shugabanninsa, da wurin zamansa, da abin da yake ɗauka abin kunya, da hanyar da yaro yake bi ya zama maigida. Kuma kusan kowanne yana da na'urar da rayuwarsa ta rataya a kanta, wadda ya san cikinta fiye da wanda ya sayar masa. Abin da ya rage shi ne mu yarda cewa wannan sanin ilimi ne.

Abin da aka riga aka gano a Kano

Kano na cikin biranen Afirka da aka fi yin wannan bincike a kansu, sai dai yawancin mutanen da aka yi binciken a kansu ba su taɓa jin sakamakonsa ba. Wani masanin halayyar al'umma daga Amurka, Brian Larkin, ya zauna a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafinsa Signal and Noise a 2008. Ya shiga kasuwar Ƙofar Wambai, inda a lokacin ake kwafar kaset ɗin fina-finan Indiya da na Amurka da na wa'azi ana rarrabawa Arewa baki ɗaya har da maƙwabtan ƙasashe. A idon doka satar fasaha ce. Amma Larkin ya nuna cewa 'yan kasuwar sun gina wani tsari cikakke: injinan kwafa a jere, dillalai a kowane gari, bashi bisa amana, da sanin abin da kowane yanki yake so.

Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya zo, tun daga Turmin Danya a 1990, a kan wannan hanyar ya hau. Furodusa ya buga kwalin kaset ya sayar wa 'yan kasuwa, ya ba su uwar kaset, su kuma su kwafa su zuba a kwalin. Kwalin shi ne shaidar cewa kaya na halal ne. Babu wani kamfanin Japan da ya ƙera injin bidiyo da wannan ciniki a ransa, kuma babu ma'aikatar gwamnati da ta zana shi. 'Yan kaset ne suka ƙirƙiro shi, kuma a kansa masana'antar da ake kira Kannywood ta tashi. Larkin ya kuma rubuta a kan masu bandiri irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda suka ɗauki karin waƙoƙin fina-finan Indiya suka ɗora masa yabon Annabi (SAW). Kaset ɗin da ya shigo da rawar Bambai shi ne ya koma ɗaukar bege.

A cikin gida, babu wanda ya yi wa wannan fage hidima kamar Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. Yana cikin waɗanda suka shirya taron ƙasa da ƙasa kan fina-finan Hausa a Kano a 2003, wanda aka tattara takardunsa a littafi a 2004, tare da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril. Cikin abubuwan da ya bibiya akwai labarin fiyano. Kamfanin Yamaha ya ƙera na'urorin kiɗa samfurin PSR ɗauke da sautukan kayan kiɗa na ƙasashe daban-daban. Samarin situdiyon Kano, waɗanda akasarinsu ba 'ya'yan makaɗa ba ne kuma ba su gaji kalangu ko sarewa ba, suka riƙa laluben sautukan da suka yi kama da na gida suna haɗawa. Daga nan aka samu kiɗan da ya mamaye fina-finai tun zamanin Sangaya a 1999. Na'urar ta buɗe wa wanda bai gaji kiɗa ba ƙofar zama makaɗi, abin da a da gado ne yake yanke hukunci a kansa. Ko mutum yana son kiɗan ko ba ya so, wannan sauyi ne a tsarin al'umma, kuma ta cikin wata na'ura ya biyo.

Farfesan bai tsaya a rubutu ba. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta shigo ofisoshi da wuraren buga littattafai, babu haruffa masu ƙugiya a cikinta. Masu buga littafi sai su bi da biro suna lanƙwasa kan kowace k da d da b, ko su bar su haka. Ya zauna ya ƙera zubin haruffa masu ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla, marubuta da maɗaba'u suka ɗauka. Wannan shi ne misalin da nake so matasan Wudil su riƙe: mai bincike ya zauna da wani rukuni, ya ga inda takalmi yake matsa musu, ya koma ya ƙera abin da ya warware matsalar.

Su kansu marubutan abin nazari ne. Waɗanda aka yi wa laƙabi da masu adabin kasuwar Kano, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, sun tsallake manyan kamfanonin ɗab'i suka buga da kansu. Magadansu na yau, waɗanda mata suka fi yawa a cikinsu, sun tsallake takardar ma baki ɗaya. A waya suke rubutu, shafi-shafi, su saki na ɗanɗano kyauta a Wattpad ko Facebook, wadda take son ci gaba ta tura kuɗi ko katin waya a sa ta a rukunin WhatsApp na masu biya. Wasu kuma su karanta littafin da murya su ɗora a YouTube, daga can ya gangaro memorin Inna a Utai. WhatsApp ba kantin littattafai ba ne a wurin waɗanda suka ƙera shi, matan Arewa ne suka mayar da shi haka.

Yadda wasu suka ci ribar irin wannan sani

A wasu ƙasashe an daɗe da gane cewa mai amfani da kaya yakan riga maƙerinsa gano amfaninsa. Masana biyu, Ronald Kline da Trevor Pinch, sun wallafa bincike a 1996 kan manoman Amurka na farkon ƙarni na 20. Manomi ya sayi motar Ford, ya ɗage ƙafarta ta baya, ya ɗaura bel, ya riƙa juya injin ɓarzar masara ko na yankan itace ko na wanki. Kamfanoni suka ga haka, wasu suka fara sayar da kayan da ake ɗaurawa, daga bisani aka fito da taraktoci da ƙananan motocin ɗaukar kaya da suka dace da gona. Eric von Hippel na jami'ar MIT ya shafe shekaru yana nuna cewa sababbin abubuwa da yawa daga hannun masu amfani suke fitowa. Keken hawan dutse, wanda yau babbar kasuwa ce a duniya, wasu samari ne a Kalifoniya suka fara haɗa shi a shekarun 1970 daga tsofaffin kekuna.

A nan Afirka ma haka. Bayan wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, talaka ya ƙirƙiro filashin: ƙira ɗaya na nufin na iso, biyu na nufin kira ni. Wani mai bincike, Jonathan Donner, ya yi nazarin wannan ɗabi'a a Ruwanda ya wallafa a 2007, ya nuna cewa tana da ƙa'idoji, har da wanda ya dace ya yi wa wani filashin da wanda bai dace ba. Kamfanonin sadarwa kuwa sun mayar da saƙon neman a kira ka wata hidima ta musamman. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka ne saboda ya lura da abin da manya suka raina: muna riƙe layi biyu ko fiye saboda matsalar sabis, wuta ba ta zama, kuma kyamarorin da ake da su ba sa fito da fuskar baƙar fata da kyau. Ya ƙera waya mai layi biyu, mai batir mai jimiri, mai kyamarar da aka daidaita da fatarmu, ya sa Hausa cikin harsunanta. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano ya ga sakamakon. Ilimin daga wurinmu aka ɗauka, ribar kuwa Shenzhen ta tafi.

Abin da waya ba ta sani ba game da mu

Har yanzu akwai abubuwa da yawa da na'urorin nan ba su sani ba game da rayuwar mutumin Utai, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na farko, an ƙera waya bisa zaton mutum ɗaya ne mai ita. A gidajenmu waya ɗaya takan zaga hannun miji da mata da ƙane da ɗa, ta kwana a rumfar caji, ta yini a wurin mai gyara. Hoton da mace ta ɗauka ba lulluɓi don 'yar'uwarta, da saƙon banki, da lambar sirri, duk suna bin ta. Aure ya mutu a kan wannan, mutunci ya zube a kan wannan. Masu gyaran waya sun san girman matsalar fiye da kowa, kuma nagartattun cikinsu suna da ƙa'idojinsu, kamar cire memori a miƙa wa mai ita kafin a karɓi waya. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ba za ta yi aiki a ƙauye ba sai an san yadda waya take yawo a ƙauye.

Na biyu, an ƙera ta bisa zaton mai ita yana karanta boko. Mutanenmu da yawa da murya suke aiki, shi ya sa saƙon murya ya fi rubutu kasuwa. Na ga dattijon da yake gane lambobin mutane da hoton da jikansa ya liƙa wa kowane suna: saniya ga dillali, masallaci ga liman. Dubban almajirai da alarammomi suna rubuta ajami da kyau, amma jahilai ake kiransu. Abin lura, zubin haruffan kwamfuta da aka yi bisa salon rubutun ajamin Kano, mai suna Alkalami, wata ƙungiyar nazarin harsuna ta ƙasar waje ce, SIL, ta ƙera shi. Su kuma haruffa masu ƙugiya, ko da yake yanzu suna cikin wayoyi, yawancin mutane ba su san inda aka ɓoye su ba, shi ya sa ƙafa take zama kafa, baƙi ya zama baki.

Na uku, an ƙera manhajojin kuɗi bisa zaton ciniki tsakanin mutum biyu ne. Duk wanda ya taɓa shiga karar Wudil ranar Juma'a ya san cinikin sa guda yana da mai kaya, da dillali, da mai saye, da la'ada, da shaidu, wani lokaci da bashin da za a cika mako mai zuwa. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, bayan sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, an ga yadda Bafulatanin da ba shi da asusu ya rasa yadda zai karɓi kuɗin dabbarsa, aka koma dogaro da asusun dillali da masu POS, ga fargabar alat na bogi. Mutane sun samo dabarunsu, kuma waɗannan dabarun su ne taswirar manhajar da ta dace da kara, idan akwai mai zama ya rubuta su.

Na huɗu yana bakin kogi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, masu noman rani da yawa a Arewa sun koma sauya kafireton injin ban-ruwa don ya yi aiki da gas ɗin girki. Makanikan gefen titi ne suka yaɗa dabarar, manomi ya gaya wa manomi. Tana rage kashe kuɗi, tana kuma da haɗari idan tiyo ya yi yoyo ko tukunya ta yini a rana. Ga aikin injiniya a fili: a auna, a gano inda haɗarin yake, a fito da tsari mai aminci da makaniki zai iya bi.

Ƙorafin da ke da ƙamshin gaskiya

Na san masu cewa wannan duk ado ne ake yi wa ɓarna. Ɗan fim zai ce 'yan dawunlodin ne suka kashe kasuwar faifai, suka sa furodusa ya zuba miliyoyi ya tashi da hannu biyu. Gaskiya ne an yi asara, kuma haƙƙin mai fasaha haƙƙi ne. Amma shekarun da aka yi ana kame ba su dawo da kasuwar faifai ba. Abin da ya faru shi ne masana'antar ta koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wato ta bi mai kallo zuwa wayarsa. Ɗan dawunlodin shi ne Ƙofar Wambai ta wannan zamani: yana kai kaya inda data ke da tsada kuma sabis ke da rauni. Da an yi nazarinsa da wuri, da an nemi hanyar da zai zama dillali mai biyan furodusa, kamar yadda kwali ya yi a zamanin kaset.

Malamai da iyaye kuma za su ce ta waɗannan rumfuna da wayoyi ne baɗala take shiga gidaje. Wannan ma ba ƙarya ba ce. Kano ba ta manta da 2007 ba, shekarar da wani bidiyon waya ya girgiza masana'antar fim, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, Hukumar Tace Fina-finai ta tsaurara, har aka ƙona littattafai. Amma bincike ba sa albarka ba ne. Likita yana nazarin cuta ba don yana sonta ba. Wanda ya san yadda abu yake yawo daga memori zuwa memori ta Xender da Bluetooth, ba tare da ya taɓa hawa intanet ba, shi ne zai iya faɗa wa hukuma abin da doka za ta iya da abin da ba za ta iya ba. Kuma kada a manta, hanyar da waƙa take bi ita ce tafsiri yake bi. Rumfar da na ba da labari ta fi tura karatun malamai a watan azumi fiye da komai.

Ƙorafi na uku daga su 'yan rukunonin yake fitowa, kuma shi ya fi damuna. Sukan ce: an zo an yi mana tambayoyi, an ɗauki hotonmu, an tafi, ba mu sake jin ɗuriyar kowa ba. Suna da gaskiya. Yawancin abin da aka rubuta a kan Kano da Turanci yake, a mujallun da ko malamin jami'a sai ya yi da gaske yake samu. Mai bincike ya samu digiri da ƙarin girma, wanda aka yi binciken a kansa yana nan inda yake. Wani lokaci ma abin da ya faɗa da amana shi ne zai jawo masa kame ko haraji. Binciken da zai ɗebi sani daga Utai ya kai wani wuri ba tare da ya dawo da komai ba, bai bambanta da abin da kamfanonin waje suke yi ba.

Aikin da ke gaban Wudil

Jami'ar Wudil ta fara aiki a 2001, shekarar da wayar salula ta shigo ƙasar nan, aka sauya mata suna zuwa na Aliko Dangote a 2022. Tana da ɗaliban kwamfuta da injiniya da aikin gona, kuma tana zaune a tsakiyar kara da fadama da kogi da garuruwa irin su Utai da Darki da Lajawa da Indabo. Shawarata ta farko ita ce, kafin ɗalibi ya zaɓi aikin kammala digiri, a tura shi ya yi makonni a rumfar caji, ko wurin mai gyaran waya, ko gindin dillali, ko bakin fadama, yana kallo yana rubutawa, ba tare da ya je da maganin da ya riga ya haɗa ba. Mun gaji da ganin ɗalibai suna kwafo manhajar ajiye bayanan ɗakin karatu shekara bayan shekara, alhali matsaloli na gaske suna bakin ƙofa.

Ta biyu, a rushe katangar da ke tsakanin fannoni. Masu nazarin al'ada da harshe da aikin jarida a Bayero sun tara sanin mutane, masu fasaha a Wudil suna da sanin na'ura, kuma tsakaninsu tafiyar kusan awa guda ce a mota. An ga amfanin irin wannan haɗuwa a aikin NaijaSenti na 2022, inda Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka tattara tare da tantance dubban saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Pidgin don koya wa kwamfuta gane yabo da suka. Aikin ya yiwu ne saboda an sa masu jin harshen a ciki. Yanzu da ake ta maganar ƙirƙirarriyar basira, idan ba mu koya mata Hausar kara da ta zaure da ta ɗakin amarya ba, wasu za su koya mata Hausar da ba tamu ba.

Ta uku, hukumomin da ke ba da kuɗin bincike da raya fasaha, irin su TETFund da NITDA, su sa sharaɗi: duk binciken da aka yi a kan jama'a a dawo musu da sakamakonsa da harshensu, a rediyo ko a saƙon murya ko a zaman gari. A sakaya sunan wanda ya nemi a sakaya, a ambaci wanda dabararsa ce idan ya yarda, kuma idan dabarar ta zama kaya a kasuwa a ba shi kasonsa. Ƙungiyoyin masu gyaran waya da na marubuta da na dillalai su ma su daina karɓar baƙo hannu sake. Su tambaye shi: me za ka yi da abin da muka faɗa maka, kuma yaushe za ka dawo?

Da na tashi barin rumfar ran nan, na tambayi matashin ko wani daga jami'a ya taɓa zuwa ya ga yadda yake aiki. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, suna zuwa mana, idan cajinsu ya ƙare." Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, kuma da ɗan gari akan ci gari. Allah Ya sa wata rana ɗalibin da ya kawo cajin ya ja benci ya zauna, ya ciro littafi da biro, ya ce, "Malam, nuna mini yadda kake yi."